Gwaggon da Ba a Kunna wa Turare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi a gidanta na Unguwar Dosa, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna cikin mata a tsakar gida sai in miƙe, in na shiga ɗaki sai in fito ban ɗauko abin da na shiga nema ba. Masu zaman makoki suna cewa, "Ku ƙyale ta, ai uwa ta rasa." Gaskiya suka faɗa, domin a hannunta na tashi tun ina shekara huɗu. Sai dai ba rashin kaɗai ne ya hana ni sukuni ba.

Kowa ya shigo da bayaninsa yake shigowa. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga ta ce, "Asmar nan ce dai ta kai ta, baiwar Allah. Shekara nawa muna jin tarinta ta taga?" Wata tsohuwar abokiyar aikinta, wadda ta zo daga Doka tana dogara sanda, ta ce, "Ni ban taɓa ganin mai atishawa irin tata ba. In ta fara a ofis, har bene na sama sai an ce mata yarhamukillah." Aka yi 'yar dariya, sannan kowa ya tuna inda yake, aka koma jan carbi.

Har matar da ta yi mata wanka sai da ta tsaya da kwalbar turare a hannu, ta leƙo ta kira ni. Ta ce, "'Yar nan, a sa mata kuwa? Kin san ba ta so." Mata biyu da ke taya ta suka tsaya suna kallona, kamar da gaske akwai abin tambaya. Na ce a sa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran abin da na san ba zai zo ba, har aka gama shafa wa likkafanin turare ɗakin yana shiru. Nan ne na fara kuka.

Ba asma ce ta kashe Gwaggo ba. Dajin hanji ne. Daga ni sai likitarta muka sani, domin ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, musamman ƙanenta, wato Baba. Ranar jana'izar kuma, da na je ɗauko ruwan leda a motar Baba, na ga wata kwalba a ƙarƙashin kujerarsa: maganin basir na gargajiya, mai jan murfi, irin wanda Gwaggo ta shekara tana sha kafin a gano abin da ke cikinta. Na ce wa raina ragowar nata ce. Washegari na sake dubawa, na tarar maganin ya ragu.

Zan dawo kan kwalbar. Bari in fara da Gwaggo, don ba na so a tuna ta da tari kawai.

Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya da saurin magana. Jikinta bai taɓa shiri da duniya ba. Turaren wuta, humra, hayaƙin soya manja, gashin kyanwa, furen darbejiya, duk abokan gabanta ne. In ta ci kifi busasshe borin jini ya taso mata har fatar ido. A jakarta kullum akwai abin shaƙa na asma da hankici uku, kuma ba ta taɓa jin kunyar fito da su ba. In ta shiga gidan biki, tun daga zaure za ka ji ana cewa, "Ku fitar da kasko, ga Gwaggo nan." Ita kuwa sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ku yi a hankali, kada ku ƙone don ni. Ina nan, ba gudu zan yi ba."

Ta mai da lalurar abin wasa. Takan ce, "Duk unguwar nan babu wanda ake yi wa addu'a kamar ni. Kafin in karya kumallo an nema min rahama sau goma." In ta jero atishawa ta wuce uku muka gaji da amsawa, sai ta harare mu ta ce, "Ku ci gaba mana, rahamar taku ce za ta ƙare?"

Baba ma haka yake, sai dai nasa bai kai nata ba. Gadon uwarsu ne, wadda ta rasu Baba yana goye, Gwaggo ta karɓi goyon tana 'yar shekara goma sha biyu. Sunan wannan uwa aka sa min, shi ya sa su biyun ba sa iya kiran sunana. Uwata suke ce min. Shi yana ce wa Gwaggo Yaya, ita kuma har ya yi furfura Auta take ce masa, ta kuma tambaye shi ko ya ci abinci a gaban jikokinsa.

Aikin tafireta ta yi a sakatariya har ta yi ritaya. Da aka daina amfani da injin, ta roƙi nata aka bar mata, ta kawo shi gida ta ɗora a tebur a zaure. Daga nan zauren ya zama ofis. Matan da mazansu suka rasu suna neman haƙƙinsu a ma'aikata, direbobin da aka kama wa mota, masu gadi 'yan Zamfara da ke neman aiki, duk nan suke zuwa ta buga musu takarda, ba ta karɓar ko goro. Na tuna wata bazawara da ta zo tana kuka, ta kasa ma faɗin abin da take so a rubuta. Gwaggo ta ture injin gefe, ta dama mata fura, ta saurare ta har la'asar. Da matar ta gama, Gwaggo ta buga layi shida kacal. Na ce, "Gwaggo, duk wannan labarin layi shida?" Ta ce, "Sauran nawa ne, Uwata. Wanda za a kai wa takardar shida kawai zai karanta."

Tana da doka guda da ta taso da ita daga ofis, kuma ta dasa min ita da faɗa. Wata rana na taya ta buga takardar gayyatar taron unguwa, na sa Lahadi maimakon Asabar, aka kuma rarraba. Na zauna ina kuka. Ta ce, "Tashi. Wasiƙar da ta fita da kuskure ba a zama a yi mata kuka. Ta biyu ake bugawa ta bi ta. Kuma duk wanda aka ba kwafi sai kin kai masa da ƙafarki." Gida goma sha ɗaya na shiga ranar, cikin rana, tana tsaye a ƙofa tana ƙirga su.

Ciwon ya shigo ne ta ƙofar da ta saba buɗewa. Cikinta ya fara murɗa, wani lokaci ta kwana biyu ba ta zaga ba, wani lokaci kuma ta wuni tana zarya. Mace da ta yi shekara sittin da wani abu tana gano abin da jikinta ya ƙi, me za ta ce? Ta ce gyaɗa ce, ta daina ƙuli-ƙuli. Bai bari ba, ta ce wake ne. Daga wake ta koma kan nono, daga nono ta koma kan yaji. Ta manna takarda a bayan ƙofar kicin, bugun tafireta, ta jera abubuwan da ta sallama, tana ƙara sabo da biro duk bayan 'yan makonni. Mu ma muka taya ta nema. Kowa ya zo sai ya duba takardar ya ce, "Kin gwada barin kuɓewa?" Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu, muka ce ai dole, mutum ya bar rabin abincin duniya. Maganar jini kuwa ba ta yi wa kowa ba sai can daga baya, shi ma da sunan basir, wanda a garin nan kowa yana da shi kuma kowa yana da maganinsa.

Yanzu zan faɗi nawa laifin.

Wata Juma'a ce bayan an sauko masallaci. Baba ya biyo daga Kinkinau kamar yadda ya saba, suna zaune a zaure shi da Gwaggo, ana jin rediyo. Wani likita yana bayani a kan dajin hanji, yana lissafa alamominsa. Na ga Gwaggo ta daina tsintar shinkafar da ke gabanta. Ta ce, "Uwata, ke da ke da waya, duba mana wannan abu da yake faɗa." Ni ce likitar gidan ta waya, kowa ya ji ciwon kai ni yake tambaya, ni kuma ina jin daɗin hakan. Na duba. Cikin abubuwan da suka fito akwai wani rubutu da ke cewa an lura masu asma da yawan atishawa da irin waɗannan lalurori ba su cika kamuwa da wannan ciwo kamar sauran mutane ba. Ban karanta har ƙarshe ba. Na ga fuskarta, na ga tsoron da ke ciki, na so in kore shi. Na ce, "Gwaggo, ku kwantar da hankalinku. An ce masu atishawa irinku ba sa kamuwa da shi."

Ta yi ajiyar zuciya, ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Auta, ka ji? Ashe duk wahalar nan gadi ake mana." Baba ya ce, "Ai Allah ba ya haɗa wa bawa biyu." Ta kashe rediyon, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Rubutun cewa ya yi ba su cika ba. Ni na ce ba sa yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha ji, amma ban san a wuyan wani ake ɗaura shi ba sai a kan Gwaggo. Wata tara suka wuce tsakanin wannan Juma'ar da ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo.

A asibiti aka zura na'ura mai kyamara aka duba hanjin. Likitar, mace ce mai sanyin murya, ta kira mu ofishinta ni da Gwaggo ta faɗa mana. Ya riga ya bazu. Ni da rashin kunya har da musu. Na ce, "Likita, ai tana da asma tun tana yarinya. An ce masu ita ba sa yi." Ta dube ni ba tare da fushi ba, ta ce, "An ga alamar cewa yana ɗan raguwa a cikinsu, ana kuma jin ko don garkuwar jikinsu a farke take kullum. Har yanzu bincike ake, ba a gama sani ba. Amma raguwa daban, kariya daban. Duk wanda ya ga jini ko ya ga cikinsa ya canza, a duba shi, ko da atishawa yake daga safe har dare." Sannan ta tambaya ko Gwaggo tana da 'yan'uwa ciki ɗaya. Ta ce a kawo su a duba, domin ciwon yakan bi jini.

Da muka shiga keke za mu gida, Gwaggo ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ba za ki faɗa masa ba."

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba, kuma mun yi shi fiye da sau ɗaya. Na ce, "Gwaggo, likita ta ce a duba shi." Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau. Mai hawan jini ne, in ya ji sunan ciwon nan, shi za a riga binnewa." Na ce ai ba yaro ba ne. Ta ce, "A wurinki. Ni na goye shi." Da na matsa, sai ainihin maganar ta fito. Ta juya fuska bango ta ce, "Ciwon da ba a iya nuna wurinsa, shi zan zauna in yi wa ƙanena bayani? In ce masa me, a ina? Ki bar ni in tafi da mutuncina, Uwata." Na ce mutunci ba ya hana mutuwa. Ta ce, "To fita min daga ɗaki." Na fita, na kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. A rana ta uku ta miƙo min hannu ta ce in yi alkawari, na kuwa yi, domin hannun ya zama ƙashi da fata kuma ba ni da ƙarfin ƙin sa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ko sau ɗaya ba ta tuna min da maganar Juma'ar nan ba. Ni na tayar da ita, ina kuka, ina neman gafara. Ta ce, "Ke kin faɗa, ni kuma na so in ji. In laifi ne mun raba." Sai ta yi atishawa, ta jira, ta ce, "Ba za ki amsa ba? Yanzu ne ma nake buƙata."

Aka ce wa Baba basir ne ya yi tsanani ga kuma asma. Kullum yana zuwa, ya zauna a bakin gadonta, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Haka har ta cika.

Kwana shida na zaman makoki ina kallonsa. Agogonsa yana zamewa, yana mai da shi. Tuwo in an kawo, loma uku yake yi ya wanke hannu, a ce baƙin ciki ne. Yana yawan tashi daga cikin maza ya ɗauki buta. A rana ta biyar na ji shi da kunnena yana ce wa wani abokinsa da ke ba da labarin rasuwar surukinsa da dajin hanji, "Allah ya raba mu da wannan ciwo. Mu dai an ce masu atishawa ba ma yin sa. 'Yata ce ta karanta mana." Na ajiye tiren shayin da ke hannuna a ƙasa, na koma ciki.

Na yi ta juya abin. Amanar mamaci ba wasa ba ce, ba ta nan balle in koma in roƙe ta ta sake ni. Ga kuma kunya: ta yaya 'ya za ta tsaya gaban mahaifinta ta tambaye shi abin da yake gani in ya zaga? A gidanmu ko kalmar ba a furtawa a gaban babba. Na shiga zaure, na tarar an ture tafiretar lungu an rufe ta da zane don a sami wurin baƙi. Na ɗaga zanen, na tsaya ina kallon injin. Mutum biyu na ba kwafi ranar Juma'ar nan. Ɗaya gyaran ya same ta a makare. Ɗayan yana waje a kan tabarma, yana karanta wa mutane ta farkon.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha an watse, wata daga cikin dangi ta kunna turaren wuta a ɗakin Gwaggo, wai a kori warin magani. Hayaƙin ya biyo tsakar gida, Baba ya fara atishawa, ya fito waje ya shiga motarsa ya zauna, ƙofa a buɗe. Na bi shi. Na durƙusa a gefen ƙofar.

Na ce, "Baba, ina da magana, kuma sai kun yafe min kafin in fara."

Ya ce, "Faɗi, Uwata."

Na ce, "Abin da na karanta muku ranar nan, ku da Gwaggo, ba haka yake ba. Masu atishawa ma suna yi. Shi ne ya kashe ta." Ban ɗaga kai ba. Na faɗa masa abin da likita ta ce, da alkawarin da na ɗauka, da cewa yau na karya shi. Na ce, "In ta riƙe ni gobe kiyama, na yarda. Amma ba zan iya zaman makoki biyu a kan magana ɗaya ba."

Ina jin mata suna wanke tukwane a ciki. Can ya sunkuya, ya sa hannu ƙarƙashin kujera, ya fito da kwalbar mai jan murfi. Saura kaɗan a gindinta.

Ya ce, "Ni nake sayo mata wannan, a bakin kasuwa. Tun bara, kwalba biyu nake saye. Ɗaya nata, ɗaya nawa." Ya juya kwalbar a hannu. "Ban taɓa faɗa mata ba. Na ce Yaya tana fama da kanta, kada in ƙara mata."

Da Gwaggo ta sani, da da kanta za ta ja shi asibiti, ko da rarrafe ne.

Ya goge ido da hankici, ya miƙo min kwalbar kamar yaron da aka kama. Ya ce, "To, Uwata. Wace rana likitar tata take zama?"

Na ce Litinin.

Yau Asabar. Na kasa zama, shi ya sa na yaye zanen na ja kujera gaban injinki, Gwaggo, ina buga wannan da yatsa biyu, da kuskure a kowane layi. Ban san abin da za a gani ranar Litinin ba. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa iskar can ta fi ta nan sauƙin shaƙa, ya ba ki rahamar da kika yi ta sa mu roƙa miki. Ki yafe min alkawarin. Wasiƙa ta biyun na kai masa, da ƙafata, kamar yadda kika koya min.